Yadda ake koyon ɗinki a ƙungiyar matasa, daga taka keke zuwa yaye

Duk shekara, da zarar an rufe makarantu a watan Yuni, iyaye kan zo shagona a Garwa, arewacin Kamaru, suna tambaya ko zan karɓi ɗansu ko 'yarsu a koyon ɗinki, ni kuwa shawarar da na fi bayarwa ita ce su fara kai yaron ƙungiyar matasa, domin a can ni ma na fara taka keke. A shagon tela mai ciniki, sabon yaro yakan shafe watanni yana shara, yana hura gawayin dutsen guga, yana zuwa kasuwa sayen zare da zif, kafin a bar shi ya zauna a kan keke. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, keken nan shi ne abincin maigida, kuma duk sa'ar da aka ba ɗan koyo an rage ta ne daga aikin masu kaya. Ita kuwa ƙungiya saboda ɗan koyo aka kafa ta, don haka kekenta shi yake jira. Sai dai ƙungiya ba ta fitar da tela sai ta bi tsari, kuma tsarin nan da ke gyara hannun yaro shi ne yake gyara masa hali.

Mai neman inda zai shiga yana da ƙofofi uku. Akwai cibiyoyin horar da matasa na Ma'aikatar Matasa, waɗanda aka fi sani da CMPJ, ana samunsu a Garwa da Marwa da Ngaundere da wasu garuruwa da dama, kuma ɗinki yana cikin sana'o'in da ake koyarwa a cikinsu. Akwai cibiyoyin mata da iyali, wato CPFF, inda 'yan mata da matan aure suka fi sakewa. Sannan akwai ƙungiyar unguwa, wadda matasa suke kafawa da kansu a zauren wani dattijo ko a ɗakin haya, kuma a kanta zan fi tsayawa, domin ita na sani ciki da bai. Kafin a biya kuɗin shiga ko'ina, a je a zauna yini guda a ƙirga kekunan da suke aiki da gaske, ban da waɗanda aka jingine a lungu ƙura ta rufe, a kuma ƙirga 'yan koyo. Idan mutum 30 suna kan keke 2, to kallo za a koya.

Waɗanda suke son kafa tasu su fara da mai unguwa, wato jauro, da limamin masallaci da iyayen yara, tun ba iyayen 'yan mata ba, a gaya musu wurin zama da ranakun zuwa da lokacin tashi, kuma lokacin tashin ya zama kafin magariba, babu daga ƙafa. Bayan haka sai a yi wa ƙungiya takarda. Dokar ƙungiyoyi ta Kamaru, mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990, ta tanadi a kai sanarwa ofishin firefe, wato babban jami'in mulki na yankin da ƙungiya take, wanda a wurinmu shi ne na Binuwai, a rubuta sunan ƙungiya da manufarta da mazauninta da sunayen shugabanninta, a haɗa da kofi 2 na dokokinta, a karɓi rasit. Idan wata 2 suka wuce firefe bai ce komai ba, doka ta ɗauka ya amince. Mutane da yawa suna raina wannan takarda, amma duk ranar da aka je neman tallafin keke ko buɗe asusun ajiya, ita za a fara tambaya.

Game da kayan aiki, a fara da keken ƙafa, baƙin nan da kowa ya sani, irin Butterfly na ƙasar Sin ko tsohon Singer idan an dace da mai lafiya. Wutar lantarkin arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani akan shiga rabon wuta, saboda haka ƙungiyar da ta zuba kuɗinta duka a keken lantarki za ta yi ta zaman jira. Ban da haka ma, keken ƙafa yana tafiya ne daidai da ƙarfin mai taka shi, kuma kowane bakanike na kasuwa yana da kayan gyaransa. Keke 3 sun isa mutum 12 idan an raba su rukuni biyu, safe da yamma. Sai teburin yanka mai faɗi, da dutsen guga na gawayi, da tef ɗin awo, da alli, da allurai, da reza ta farke ɗinki, da almakashi 2, ɗaya na yadi ɗaya na takarda, kuma a ɗaura wa na yadin jan ƙyalle don kada wani ya yanka kwali da shi, domin takarda tana dakushe almakashi cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne rabon keke, ya fi rashin kuɗi ɓarna. Idan ba a rubuta ba, manyan yara da masu baki su ne za su mamaye kekuna, yarinya mai kunya ta yi wata 3 tana riƙe wa wasu bakin yadi, daga nan ta daina zuwa, a ce ba ta da sha'awa. A manna jadawali a bango, kowa da sa'arsa, a naɗa ɗaya daga cikin 'yan koyo mai kula da lokaci, a riƙa sauya shi kowane mako. Wanda ya makara ya rasa sa'arsa ta ranar, ko ɗan wane ne. Na ga yaron da mahaifinsa ya ba da zauren da muke zama ya rasa sa'arsa sau biyu a mako guda, ya kai ƙara gida, uban ya ce masa ya tashi da wuri, kuma daga ranar ba a ƙara gardamar jadawali ba.

Makon farko ba a sa zare, ba a ma sa allura. Ɗan koyo ya zauna ya miƙe bayansa, ya ɗora ƙafafu biyu a kan feda, ɗaya gaba kaɗan ɗaya baya, ya juyo ƙaramar tayar da ke hannun dama zuwa wajensa, sannan ya karɓe ta da ƙafa. Duk wahalar tana wurin hana taya komawa baya, domin idan ta koma baya alhali da zare a ciki, zaren yakan tsinke ko ya cukurkuɗe a ƙoshiya, wato mazaunin zaren ƙasa. Sai ya iya tayar da keke, ya rage gudu, ya tsayar da shi daidai inda aka ce, sau 10 a jere ba tare da tayar ta juya baya ba, sannan a sa masa allura babu zare, a ba shi takardar littafin makaranta mai layi ya riƙa bin layukan yana huda su. Idan ya gama sai a ɗaga takardar a hasken rana, ramukan allura za su nuna inda hannu ya karkace, ba sai malami ya yi magana ba. Daga miƙaƙƙen layi a koma kusurwa, inda ake barin allura a ƙasa a ɗaga ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, a juya takarda, daga nan a koma da'ira. Yara sukan ƙosa da wannan mataki, suna ganin wasa ne, amma duk telan da ka ga kalmasarsa tana tafiya kamar maciji, a nan aka yi masa sassauci.

Sa zare da sa allura su ne darasi na biyu, kuma ya kamata kowa ya iya su ko da ido rufe. Ana sa zaren sama ne ƙafar keke tana ɗage, saboda a lokacin ne faifan da ke matse zare suke buɗe, zaren ya shiga tsakaninsu sosai. Allura tana da gefe mai dogon kwari, kuma wannan gefen shi ne yake fuskantar inda zare yake shigowa, sannan a tura ta sama har ta tsaya kafin a ɗaure noti. Lambar allura tana bin kaurin yadi: 11 ta yadi mai santsi marar nauyi irin na hijabi, 14 ta atamfa da yawancin aikin yau da kullum, 16 ta kakin makaranta da shadda mai kauri, 18 ta jins. A koya wa yaro karanta ɗinkinsa kafin ya kira malami. Idan zare ya taru a ƙarƙashin yadi kamar gidan tsuntsu, laifin yana wurin zaren sama, ko bai shiga hanyarsa ba ko ya yi sako-sako, ko da yake ido yakan zargi kwarkwaron zaren ƙasa. Idan keke yana tsallake ɗinki, a duba allura, ko ta lanƙwashe ko an sa ta a juye. Idan yadi yana tattarewa, zare ya matse da yawa. Ƙaramin notin da ke jikin ƙoshiya kuwa, a hana ɗan koyo taɓa shi har sai ya shekara.

Kula da keke aikin kowa ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, don haka a rufe keke duk yamma, a cire farantin da ke ƙarƙashin allura a share haƙoran da ke jan yadi da tsohon buroshin haƙori, a ɗiga man keke a ramukansa, ɗigo ɗaya a kowane rami, sannan a ɗinka ƙyalle don ya tsotse ragowar man kafin a ɗora kayan mutane. Man keke na ce. Na san a garin da ake tatsar man auduga kowace kicin da kwalbarta a kusa, amma man girki, na auduga ne ko na gyaɗa, yana daskarewa ya zama danƙo, keke ya yi nauyi har sai an wanke shi da kananzir.

Sai a shiga yadi, a bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya: rigar matashin kai, da ɗankwali don koyon kalmasa, da hijabi, da siket mai roba, da wandon yara mai zariya, sannan rigar makaranta mai aljihu da maɓalli, sannan jamfa ko kaftani, a ƙarshe rigar mata mai zif da shafi wadda take bin jiki. Ƙyallen koyo a roƙo shi daga telolin kasuwa, ko a farke tsofaffin kaya a goge su, wanda ma yana da riba biyu, domin wanda ya farke riga a hankali ya ga yadda aka haɗa ta. Doka ɗaya ce ba na yarda a karya a wannan mataki, wato duk ɗinkin da ya karkace, wanda ya yi shi ne zai farke ya sake, ko sau nawa ne, kuma malami ba zai karɓa ya gyara masa ba. Ranar Asabar kowa ya rataye aikinsa a igiya, a juya shi ciki waje, 'yan'uwansa su duba, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da yake son gyara. Makonnin farko akan sha fushi, wasu har da hawaye. Bayan wata 2 sai ka ji yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a gaban mutane tana cewa babban yaro, cikin ladabi, wuyan rigarsa ya fi faɗi ta hagu, shi kuma ya ɗauki tef ya auna maimakon ya yi musu.

Awo da yanka su ne cibiyar sana'ar, kuma a nan ake asarar dukiyar mutane. Tef ɗin awo yana da fuska biyu, santimita 150 a ɗaya, inci 60 a ɗayar. Mu a nan da santimita muka saba, telolin Yola da Mubi kuwa da inci suke aiki, kuma tun da kaya da mutane suna kai da komo tsakaninmu, dole ɗan koyo ya san inci 1 santimita 2.54 ne, yadi 1 inci 36 ne, wato santimita 91 da ɗoriya, turmin atamfa mai yadi 6 kuwa ya kusa mita 5 da rabi. Duk awon da aka aiko a takarda ko ta waya, a tambaya da wace fuskar tef aka yi shi. A rubuta awo a littafi da sunan mai kaya, a jere iri ɗaya kullum: tsawo, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, wuya. Mata su auna mata, maza su auna maza, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ƙungiya ta nemi malama mace ko da sau biyu a mako. A bar santimita 1 da rabi na ɗinki a kowane gefe, 3 ko 4 na kalmasa, a ƙara sarari a ƙirji da hammata don mutum ya iya ɗaga hannu ya yi ruku'u. A fara zana fasalin a takardar buhun siminti a gwada kafin a taɓa yadi. Atamfar auduga takan ɗan tsuke idan ta sha ruwa, don haka a yi la'akari da hakan, shadda kuwa ba a wanke ta kafin ɗinki saboda ƙyallinta.

Akwai kuma abin da tef ba ya nunawa, wato inda adon atamfa ya fuskanta. A shekarata ta biyu a ƙungiya wata dattijuwa ta unguwarmu ta kawo atamfa mai hoton tsuntsaye a ɗinka mata riga da zani na bikin jikarta, malaminmu ya ba ni aikin domin ya ga hannuna ya fara faɗawa. Na ninke yadin yadda zai fi yi mini tsimi, na yanka, na ɗinka, na goge, na rataye ina jiran yabo. Ya ɗaga rigar ya juya ta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, zo nan. Waɗannan tsuntsayen na baya, ina za su?" Na duba sai na ga na gaba suna tashi sama, na baya kuwa duk sun yi ƙasa da kai. Na ce, "Baba, wallahi ban lura ba." Ya ce, "To, mai kayan za ta lura, kuma gara ta ji daga bakinka." Na so ya je a madadina, ya ƙi. Na tafi gidan ƙafafuna suna rawa, na durƙusa na ce, "Goggo, na ɓata miki atamfa." Ta daɗe tana juya rigar, ta ce da na ɓoye ta gano a wurin biki, da ba ta ƙara kawo ko facin zani ba. Ƙungiya ta sayi wata atamfar, aka riƙa cirewa daga rabona har na biya. Tun daga ranar, kafin almakashi ya taɓa atamfa, sai na shimfiɗa ta duka na sa alamar alli a inda sama take.

Maganar alkawari kuwa, kowa ya san sunan da teloli suka yi, har ana cewa alkawarin tela ba ya cika sai daren sallah. Idan ƙungiya ba ta cire wa yaro wannan ɗabi'a tun yana koyo ba, ba za ta fita ba. Shekarar tela a ƙasar nan tana da lokutan cunkoso da kowa ya sani: kayan makaranta kafin komawa a farkon Satumba, faretin ranar matasa ta 11 ga Fabrairu, atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, bikin ƙasa na 20 ga Mayu, ankon bukukuwa, sannan uwa uba ƙaramar sallah da babba, waɗanda suke matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A rubuta waɗannan a bango. Kowane ɗan koyo ya san riga nawa yake iya gamawa a yini ba tare da gaggawa ba, a haɗa na kowa, a rage kashi ɗaya cikin huɗu saboda rashin lafiya da lalacewar keke da zafin Maris da Afrilu, wanda yakan haura digiri 40 a Garwa, abin da ya rage shi ne iyakar kayan da za a karɓa. Idan littafi ya cika, a rufe karɓa, ko da azumi bai kai rabi ba. Faɗa wa babba "Hajiya, ki yi haƙuri, ba za mu iya gamawa kafin sallah ba" yana da nauyi a bakin yaro, saboda haka a sa su gwada faɗarsa a tsakaninsu, har ya zauna musu.

Kuɗi ma darasi ne. Mai koyo yakan yanka farashi da ka, ya manta zare da gam da shafi da zif da maɓalli da gawayi, ya manta allurar da ta karye, a ƙarshe ya yi aikin banza yana murna. A sa shi ya rubuta abin da kowace riga ta ci kafin ya faɗi kuɗinta, a karɓi kafin alƙalami a rubuta a gaban mai kaya. A ƙungiyarmu muna raba ribar kowane aiki uku, kashi ɗaya na wanda ya ɗinka, ɗaya na asusun gyara da sayen kaya, ɗaya kuma ana ajiye masa ba ya taɓawa sai ranar yaye. Ma'aji da mai rubutu su zama mutum biyu daban, a karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen wata, ko da abin da ke asusun bai wuce jaka 5 ta kuɗin sefa ba. Wanda bai yi nisa a boko ba ya rubuta da ajami, muddin wani zai iya karantawa.

Yana da kyau kuma yara su san inda yadin ya fito, tun da a ƙasarsa suke zaune. Audugar da ake nomawa daga Tuboro har Kaele tana bi ta hannun kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa tana nan Garwa, sannan kamfanin saƙa na CICAM, wanda aka kafa a 1965, ya gina masaƙarsa ta kaɗi da saƙa a Garwa, ta buga ado kuma a Duwala. Yaron da iyayensa suke tsinkar auduga da kaka, idan ya gane haka, yakan daina wasa da ƙyalle.

A ganina wata 18 zuwa shekara 2 sun isa a yaye mai zuwa kullum, da sharaɗin ya yi wata 3 na ƙarshe a shagon wani tela na kasuwa, ya ga saurin aiki da halin masu kaya, domin ƙungiya tana da sanyin da kasuwa ba ta da shi. Jarrabawar yaye ita ce a ba shi yadi da mutum, ya auna, ya yanka, ya ɗinka, ya goge, ya faɗi farashi, ya kawo ranar da ya ce. Kuɗin da aka ajiye masa, haɗe da adashen da 'yan rukuninsa suke zubawa, su ne za su saya masa keke, wanda kuma yake son ƙarin jari ya leƙa ofishin Asusun Samar da Aiki na Ƙasa, wato FNE, da takardar shaidar ƙungiya a hannunsa. Ranar sayen keke kada ya tafi shi kaɗai, musamman idan na hannu ne. Ya tafi da malaminsa da zarensa da ƙyalle iri uku, mai santsi da atamfa da jins, ya ɗinka kowanne a gaban mai sayarwa, ya juya ya duba ƙasan ɗinkin, ya girgiza sandar allura ya ji ko tana motsi gefe, ya saurari ƙoshiya ko tana ƙara. Bayan ya kafa kekensa, dokarmu ta ce ya riƙa dawowa yini ɗaya a mako har shekara guda, ya zauna kusa da sababbin shiga a makonsu na taka feda babu zare.